Kratos na God of War: tambayoyin da ake ta yi kan tarihinsa da salon faɗansa

Duk wanda ya riƙe hannun gem ya buga God of War ko da na awa ɗaya ne sai ya zo da tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, yau wannan ya yi gobe wancan ya maimaita, shi ya sa na ce bari a tara su wuri guda kowa ya huta. Na fara da labarinsa kafin in gangaro kan faɗa, don ni a ganina ba za ka iya sarrafa Kratos da kyau ba sai ka san wanne ne a hannunka, matashin nan mai zafin kai ko dattijon mai gemu. In ja kunne tun yanzu: akwai fasa ƙwai sosai a ƙasa, in ba ka son a tona maka labari to tsallake zuwa tambayar "da wanne zan fara".

Wai shi Kratos ɗin nan waye?

Shi ne jarumin God of War, gem ɗin da Santa Monica Studio na kamfanin Sony suka fara fitarwa a 2005 a kan PlayStation 2, David Jaffe ne ya ja ragamar na farkon. A cikin labarin, Kratos kwamandan yaƙi ne na Sparta a tsohuwar Girka, mutum ne da ya saba cin nasara har abin ya hau masa kai. Wata rana ya gamu da gamonsa, rundunar wasu mayaƙan daji suka murƙushe sojojinsa, sarkinsu ya ɗaga guduma zai fasa masa kai, nan ne Kratos ya kira Ares, wanda Girkawa suke ɗauka a matsayin allan yaƙinsu, ya ce in ka cece ni rayuwata taka ce. Ares ya amsa, ya halaka abokan gaba, ya ɗaura masa wasu wuƙaƙe biyu masu sarƙa da aka ƙona a naman hannunsa, su ne Blades of Chaos. Daga ranar ya zama bawa, kuma duk abin da ya biyo baya daga wannan cinikin ya taso.

Me ya sa jikinsa fari fat kamar an barbaɗa masa toka?

Ai tokar ce, ɗan uwa, kuma ba ta kowa ba ce. Ares ya so ya mayar da shi mayaƙin da ba shi da sauran abin da zai tausaya wa, sai ya tura shi ya kai hari wani ƙauye masu bautar Athena, allahiyar hikima a wurin Girkawa, ya kuma sa aka kai matarsa Lysandra da 'yarsa Calliope cikin ɗakin bautar ƙauyen ba tare da saninsa ba. Wata tsohuwa mai duba ta tsaya bakin ƙofa ta ce kar ya shiga, ya ture ta ya shiga yana sara ido rufe, sai da ƙura ta lafa ya ga gawar iyalinsa a ƙasa. Da aka ƙona wurin tsohuwar ta yi masa baki, tokar matarsa da 'yarsa ta manne a fatarsa har abada. Daga nan aka sa masa suna Ghost of Sparta, wato fatalwar Sparta.

In ka lura a God of War na 2018 farin ya ɗan dusashe, amma yana nan bai fita ba.

To jan zanen nan fa, da tabon da ke idonsa?

Wannan na ƙaninsa ne, Deimos. An yi wani hasashe cewa mayaƙi mai alama a jiki shi zai rushe Olympus, dutsen da allolin Girkawa suke zaune, Deimos kuma an haife shi da wani tambari a jikinsa, sai Ares da Athena suka zo suka ɗauke shi tun suna yara. Kratos ya yi kukan kura zai ƙwaci ɗan uwansa, Ares ya make shi, shi ne tabon idon dama. Da ya girma sai ya zana irin tambarin Deimos a jikinsa don tunawa da shi, ka ga kenan da hannunsu suka ƙirƙiri mai alamar da suke tsoro. Cikakken labarin yana cikin gem ɗin Ghost of Sparta na PSP, ƙaramar PlayStation ta hannu, da ya fito 2010. Wani abin dariya, lokacin da ake ƙera gem ɗin zanen shuɗi ne, daf da fitowa aka mayar da shi ja saboda ya yi kama da wani mayaƙi na gem ɗin Diablo II.

Babban tabon cikinsa kuma daga takobin Blade of Olympus ne, duba amsar Zeus, sarkin allolin Girkawa, a ƙasa.

Akwai Kratos a ainihin tatsuniyar Girkawa ko ƙirƙirarsa aka yi?

Akwai mai suna Kratos, kalmar tana nufin ƙarfi, amma wancan bawan Zeus ne mai biyayya, ɗan Pallas da Styx, ba shi da alaƙa da namu sai suna. Ɗan Sparta mai toka ƙagaggen labari ne na masu gem, sun ɗebi sunaye daga tatsuniyoyin Girkawa da na mutanen arewacin Turai sun juya su yadda suka ga dama, don haka kar ka je kana gardama da wanda ya karanci tarihin Girka da hujjar gem, kunya za ka sha.

Me ya haɗa shi da Zeus har abin ya kai haka?

Bayan mutuwar iyalinsa Kratos ya yi wa allolin Olympus bauta shekara 10 da fatan za su cire masa munanan mafarkan da suke hana shi barci. Aikin ƙarshe shi ne ya kashe Ares da ke rusa birnin Athens, ya nemo akwatin Pandora, ya buɗe, ya samu ƙarfi ya kashe shi. Sai Athena ta ce masa an yafe maka zunubanka amma fa mafarkin ba mu taɓa cewa za mu cire ba. Kai, wannan wurin har yau yana ba ni haushi. Ya faɗa daga kan dutse zai kashe kansa suka hana, suka ɗora shi a kujerar Ares.

A God of War II na 2007 Zeus ya yaudare shi a Rhodes, ya sa ya zuba duk ƙarfinsa cikin Blade of Olympus sannan ya soke shi da ita a ciki. Gaia, uwar ƙasa a tatsuniyar Girkawa, ta ceto shi, ya je ya kashe 'yan uwan nan mata uku masu riƙe da ƙaddara, ya dawo da lokaci baya, yana daf da gamawa da Zeus Athena ta shiga tsakani takobin ya same ta, kafin ta cika take faɗa masa ai Zeus mahaifinsa ne. To a na uku, 2010, nan ne aka yi kisan kiyashi: ya kashe Poseidon teku ta cinye ƙasa, ya cire kan Helios rana ta ɓace, ya kashe Hermes annoba ta ɓarke, Hera ta mutu tsirrai suka bushe, ga Hades ga Hercules ga Cronos duk sun tafi, ƙarshe ya yi ta dukan Zeus har allon ya rine da jini. Da ya waiga babu sauran Girka, sai ya soke kansa da takobin.

Ya aka yi kuma ya ɓullo a ƙasar ƙanƙara da gemu da yaro?

Bai mutu ba, ko da ma can mutuwa ba ta riƙe shi, ya sha fitowa daga lahirar Girkawa da ƙafarsa. Gem ɗin 2018 bai tsaya nuna tafiyar ba, kawai an buɗe da shi a Midgard, duniyar mutane a tatsuniyar arewacin Turai, bayan shekaru masu yawa yana sare bishiya don ƙona gawar matarsa ta biyu, Faye. Wasiyyarta ita ce shi da ɗansu Atreus su watsa tokarta daga ƙololuwar dutse mafi tsawo a duniyoyi tara. Shi kenan labarin fa, uba da ɗa da jakar toka, sai dai Baldur ɗan Odin, sarkin allolin can, da ya ƙwanƙwasa ƙofa ya hana su sakat. A ƙarshe aka gano dutsen yana Jötunheim, duniyar ƙattai, Faye kuma daga ƙabilar ƙattai take, sunan da ta so a sa wa yaron Loki.

Ka lura da abu ɗaya, toka ce a farkon labarinsa toka ce a nan ma, wancan karon an manna masa ita dole, wannan karon shi ya ɗauka da hannunsa zai kai inda aka ce. Cory Barlog da ya jagoranci wannan ya san abin da yake yi.

Tsakani da Allah, jarumi ne ko mugu?

Na zamanin Girka dai mugu ne, kar mu yi wa juna ƙarya. An zalunce shi, gaskiya ne, amma mutanen da ya tattake a hanya ba su ci masa komai ba. Misalin da kowa yake kawowa shi ne kyaftin ɗin jirgin ruwa a farkon gem na ɗaya, mutumin yana rataye a maƙogwaron dodon Hydra yana murna an zo ceto, Kratos ya cire makullin da ke wuyansa ya sake shi ya faɗa. Akwai kuma sojan da ya tura cikin wuta a keji don kawai ƙofa ta buɗe. Wuri ɗaya da za ka ji tausayinsa sosai shi ne Chains of Olympus na 2008, inda ya haɗu da Calliope a Elysium, aljannar Girkawa, kuma gem ɗin ya sa kai da kanka kake danna madanni kana ture yarinyar daga ƙafarsa.

Dattijon kuma mutum ne da ya san abin da ya aikata, yana ɓoye wa ɗansa, yana magana ɗaya-ɗaya kamar ana sayar masa da kalmomin. A Ragnarök na 2022 har ya kai yana gudun yaƙi ana jansa, kuma a ƙarin Valhalla da aka saki kyauta a Disamba 2023 sai da aka tsayar da shi gaban kuruciyarsa da ke zaune a kan kujera, har zancen kyaftin ɗin nan ya dawo. Muryar ma an canza, Terrence C. Carson ne mai ihun da, Christopher Judge ne mai gurnanin yanzu.

Da wanne zan fara?

In kana bin tsarin labari ne: Ascension, Chains of Olympus, God of War na 2005, Ghost of Sparta, na biyu, na uku, na 2018, sai Ragnarök da Valhalla. Amma ni ba na ba sabon shiga shawarar farawa da Ascension na 2013, shi ne mafi rauni a cikinsu kuma zai iya kashe maka gwiwa. In kana da hanyar buga tsofaffin to ɗaya, biyu, uku, sannan ka tsallako. In ba ka da ita fara da na 2018 kai tsaye, yana kan PS4 kuma ya zo kwamfuta a Janairu 2022, Ragnarök ya biyo shi a Satumba 2024. Za ka gane labarin, sai dai wurin da ya buɗe ƙasan ɗakinsa ya ɗauko tsofaffin wuƙaƙen ba zai girgiza ka kamar yadda ya girgiza waɗanda suka san su ba.

Ƙanina yana so ya buga, ya dace?

A'a in yaro ne. Na 'yan shekara 18 zuwa sama ne a ma'aunin Turai, akwai jini da cire kai da farke ciki, tsofaffin kuma har da tsiraici.

Yaya faɗan yake a tsofaffin gem ɗin?

Kyamara tana nesa kuma ba kai kake juya ta ba, kana ganin filin gaba ɗaya, wuƙaƙen sarƙa suna kaiwa nesa suna share duk wanda ke kewaye. A madannan hannun PlayStation, bokis sara mara nauyi, tirayangul mai nauyi, zero cafka, X tsalle har sau biyu, analog na dama kuma mirginawa. Kombon da kowa ya haddace shi ne bokis, bokis, tirayangul, wallahi akwai waɗanda da shi kaɗai suka gama gem uku. In dodo ya galabaita alama za ta fito a kansa, ka danna zero sai a fara nuna maka madannan da za ka bi da sauri ya ƙarasa shi ta hanya mafi muni. Jajayen ƙwallaye na ƙara wa makami ƙarfi ne, koraye jini, shuɗɗa tsafi, idon Gorgon yana tsawaita layin jini, gashin Phoenix na tsafi.

Shawara ɗaya: zuba jajayen ƙwallayenka a wuƙaƙen farko kafin komai. Salon gaba ɗaya na mai fushi ne, ka shiga tsakiya ka yi ta juyi, gem ɗin ma yana ƙirga maka saran da ka jera yana yaba maka.

Me ya sa na 2018 ya yi nauyi, ga shi ba tsalle, kuma ana ta kashe ni?

Saboda kana buga dattijo da hannun matashi. An dawo da kyamara bayan kafaɗarsa, kusa sosai, kuma daga farkon gem har ƙarshe ba ta yankewa, don haka ba ka ganin bayanka, ba za ka iya faɗawa tsakiyar mutum shida kana danne-danne ba. Sara ya koma R1 da R2, garkuwa L1, gocewa X, saiti L2. Ƙananan kibiyoyin da ke kewaye da Kratos su ne idonka na ƙeya, ja na nufin sara na zuwa yanzu, fafal kuma an harbo maka abu daga nesa, sannan Atreus da Mimir, kan nan mai magana da ke rataye a ƙugun Kratos, suna yi maka ihu in abu na tahowa, ka saurare su ba surutu kawai suke ba.

Abin da gem ɗin yake so shi ne ka ja baya kaɗan, ka tara su a gabanka, ka ware ɗaya ka gama da shi. Mutumin da yake koya wa ɗansa riƙe fushi ba zai yi faɗa kamar mahaukaci ba, kuma da gangan aka gina madannan a haka. In ka matsa sai ka yi irin na da, allon mutuwa za ka yi ta gani. Kuma kar girman kai ya sa ka fara da Give Me God of War, matakin wahala mafi tsanani, a na 2018 in ka zaɓe shi ba a sauka sai dai ka sake sabon gem.

Gatari, wuƙaƙe ko mashi, wanne ya fi?

Gatarin Leviathan na Faye ne, wadannin nan biyu Brok da Sindri suka ƙera shi don ya tari gudumar Thor da su ɗin dai suka ƙera. Na ƙanƙara ne, ya fi dacewa da abokin gaba ɗaya mai tauri. Ka jefa da R2 ya daskarar da ƙaramin dodo, ka bar shi a jikinsa ka ci gaba da dambe da sauran, sannan ka danna tirayangul ya dawo, kuma yana saran duk wanda ya tarar a hanyar dawowa, don haka ka koyi tsayawa yadda za su shiga tsakaninka da shi. Wannan ƙarar da yake yi in ya faɗo tafin hannu, ni dai ban gaji da ita ba har yau. Wuƙaƙen na wuta ne, na taro ne, kuma su ne maganin shuɗɗan matattun Helheim, lahirar can, da gatari ba ya yi musu komai, dalilin da ya sa ma ya tono su kenan lokacin da Atreus ya kwanta ciwo.

Mashin Draupnir sai a Ragnarök, an yi shi ne saboda Heimdall mai ganin abin da za ka yi kafin ka yi. Yana ninka kansa, ka soka da yawa a jikin dodo ka buga gindinsa a ƙasa da tirayangul duk su fashe. Babu wanda ya fi wani, wanda ya iya shi ne mai canzawa a tsakiyar faɗa. Kar kuma ka raina hannu, dambe ya fi saurin cika layin jiri da ke ƙasan jinin abokin gaba, in ya cika ka danna R3, wato ka latsa analog na dama, a gama magana.

Mene ne zoben rawaya da ja da shuɗi da nake gani?

Rawaya: in ka tare da garkuwa kawai za a fasa maka tsaro, amma in ka danna L1 daidai lokacin da saran zai sauka za ka kaɗe shi ka samu damar rama. Ja: ba a tarewa, goce. Shuɗi mai zobe biyu a Ragnarök yake, ka danna L1 sau biyu da sauri ka doke shi da garkuwa kafin ya gama haɗa abin da yake haɗawa. Yawancin masu kukan ana ta kashe su a nan matsalarsu take, suna mirginawa a komai, alhali danna X sau ɗaya ɗan gocewa ne da ke barinka kusa, sau biyu ne mirginawa.

Yaron nan yana da wani amfani kuwa?

Sosai ma, madannin bokis nasa ne gaba ɗaya. Kibiyoyinsa suna katse harin dodo, suna janye hankalinsa, masu haske suna cika layin jiri, masu lantarki suna kama taro. Mayun nan Revenant da suke ɓacewa in ka kai sara ba sa tsayawa sai ya harbe su tukuna. Ka riƙe bokis ya kira dabbobin tsafi, kyarketai ko hankaki, har da wani kurege mai baƙar magana da yake tono maka jini. Ka kashe maki a kansa da wuri, ba asara ba ce.

Yaushe zan kunna Spartan Rage?

Shi ne yanayin fushin Kratos, ana kunna shi da L3 da R3 tare in layinsa ya cika. Yana ajiye makami ya koma dambe, kuma kowane naushi yana dawo maka da ɗan jini, shi ya sa ya fi amfani a matsayin hanyar tsira in an matse ka, ba abin buɗe faɗa ba. A Ragnarök an raba shi uku, Fury irin na da, Valor na warkewa, Wrath kuma hari ɗaya mai nauyi. A wurin manyan bos ni Valor nake ɗauka.

Na ga dodo mai layin jini fafal ya kashe ni da duka ɗaya, me na yi ba daidai ba?

Ba ka yi komai ba, ya fi ka lebul ne nesa, juya ka tafi ka dawo daga baya. Lebul ɗin Kratos ba daga yawan kisa yake zuwa ba, daga kayan jikinsa ne, sulken ƙirji da na hannu da na ƙugu da layu da ƙarfin makami, don haka ka riƙa leƙa shagon Brok da Sindri. Gatari yana hawa da Frozen Flame, wuƙaƙe da Chaos Flame. Wajen zaɓen kaya kuma ka duba salonka, in kana yawan amfani da harin tsafi na L1 da R1 ko L1 da R2 to nemi Runic da Cooldown, in kai mai shiga jiki ne Strength da Defense.

Sigrun ta hana ni barci, akwai dabara?

Sannu, duk mun bi ta nan. Ita ce sarauniyar Valkyrie, mayaƙan nan mata masu fukafukai na gem ɗin 2018, ba ta fitowa sai ka kayar da takwas ɗin farko ka kai kwalkwalinsu majalisarsu, kuma kusan duk harin da take yi aro ne daga wurinsu, don haka in ka ci waɗancan da sa'a ne ba da koyo ba to a nan za ka biya bashi. Fara da Gunnr, ita ce mai sauƙi. Kafin Sigrun ka je Niflheim, duniyar hazo mai guba, ka haɗa sulken Ivaldi mai dawo da jini a hankali, ka kai makamanka ƙarshe, ka sayi dutsen farfaɗowa a shago don Atreus ya tashe ka sau ɗaya.

A cikin faɗan, sara biyu ko uku ka ja baya, kwaɗayin na huɗu shi yake kashe mutane. In ta yi sama ta ɓace da ihu to mirgina nan take, in ba haka ba ƙafarta za ta sauka a wuyanka, in kuma ta tsaya a iska tana tara wani abu jefa mata gatari ko kibiya ta faɗo. Harin tsafinka ka ajiye su sai ta gama nata kombon, Spartan Rage kuma ka bar shi na fitar rai kamar yadda na faɗa a sama. Ka shiga sau goma na farko ba da niyyar ci ba, kallo kawai da tarewa har idonka ya saba da fukafukanta. In ka gama da ita Ragnarök ma ya ajiye maka wasu bos masu wuya irinta, Gná da Sarki Hrólf.